Ƙorama Mai Suna Uku

A Tungar Arzika 'Yar Gwiwa muke ce mata,
don nan take tsaya wa babba in ba ta yi fushi ba.
Mutanen Gidan Jabbi, can hayi, Makwararo suke cewa.
'Yan Runji ba su raɗa mata komai ba,
"ruwa" kawai,
kamar yadda ɗa ba ya kama sunan uwa.

Ba ta cikin taswirar da aka rataya a ajinmu na Wurno.
Na bi Rima da yatsa har bakin takarda,
ban gan ta ba.
Malam ya ce ƙanana ba a zana su.
Na kai wa Kawu Nomau ƙara,
yana ɗinkin homa a gindin giginya.
Bai ɗaga kai ba:
"A ce wa mai takardar ya zo ya haye ta ran da ta cika."

Ran da ta cika na sani.
Kwana tara ba kasuwa.
Ige a gaɓa tana ƙwala wa ƙanwarta kira,
iska na kwashe rabin maganar.
Nomau ya kifa ciki kan gora,
ƙullin gishiri da kanwa a ka,
ya ratsa yana shure-shure kamar kwaɗo,
ya dawo jiƙe da albishir:
an sauka lafiya, namiji ne.

Da rani sai ta tsuke, ta zama zare.
Albasa ta sha, tafarnuwa ta sha,
shanun Yalli su lashe saura.
Mu tona busasshen taɓo mu ciro gaiwa
a dunƙule tana barci,
ba ta taɓa shakkar damina ba.

Bana na ƙirga injin ban-ruwa goma sha huɗu
daga tungarmu zuwa Runji,
kowanne da hancinsa a cikinta.
Goran Nomau na rataye jikin rumbu,
zanzaro ya yi ɗaki a bakinsa.
Yaron da aka haifa daren nan
shi ke sayar musu da fetur a kwalba.

Ban ɗora wa kowa laifi ba.
Albasar nan ce ta biya min kuɗin makaranta.

Bayan magariba injina suka yi shiru.
Na tuɓe takalmi na shiga.
Iyakarta idon sawu.
Wata yarinya da tulu ta tambaye ni abin da nake nema.
Na ce, yaya sunan ruwan nan?
Ta dube ni kamar baƙo, ta ce,
"'Yar Gwiwa mana."