Zaɓen Tumun Dare

Takardar biza ta ce: ban da Melbourne.
Shekara uku, ku nemi ƙaramin gari ku zauna.
Muka shimfiɗa taswira a kan teburin cin abinci,
muka danne kusurwa uku da gwangwanin kifi, da kofi, da wayar Efren,
ta huɗun kuwa da gwiwar hannuna.

Ƙasar nan faɗi gare ta, ba ta san gajiya ba.
A gida Iloilo, duk inda ka dosa teku na jiran ka.
A nan ka wuni kana tuƙi,
daga shinge sai tumaki, daga tumaki sai shinge.

Efren ya ɗora yatsa a kan Whyalla.
Ya ce, inda ake narka ƙarfe
mai walda ba ya kwana da yunwa.
Na duba hoton garin, na ga ja-ja-ja a kan rufin gidaje,
na tuna ƙirjin Tala,
yadda yake kukan usur da tsakar dare.
Ban ce komai ba. Ya janye yatsansa.

Ni Mildura ta kwanta mini,
lemo, inabi, kogi yana tafiya a hankali kamar mai tsohon ciki.
Wata da muka yi makarantar jinya tare ta rubuto daga can:
aiki akwai, gidan haya ne sai an sha wuya,
zafin Janairu kuwa, har sitiyari ba ya taɓuwa.

Warrnambool.
Sau uku na kira sunan, sau uku harshena ya harɗe.
An ce akwai teku, amma ba irin tamu ba,
wannan sanyi gare ta, ba ta karɓar baƙo da runguma.
Akwai shanun tatsa, da iskar da ke kwashe shanya.

Mun lissafa haya, mun lissafa mai,
nisan asibiti, nisan coci, nisan jirgin sama
in an bugo waya da asuba an ce jikin Nanay ya tsananta.
Wannan lissafin Efren ya yi shi a ransa,
na gani a wuyansa, lokacin da ya haɗiye yawu.

Tsoho Stavros na gidan ƙasa ya hawo karɓar tsaninsa.
Shekara hamsin da takwas da saukarsa daga jirgin ruwa.
Ya dubi taswirar, ya yi dariya har da tari.
Ya ce, ni ma wata shida na zo yi.
Ku duba maƙabartar gari kafin ku duba kasuwarsa.
Da ya fita Efren ya ce, tsufa ne.
Ni dai da dare na duba.

Tala ba ta da ƙuri'a, amma tana da tambaya:
wanne ne za a bar ta ta riƙe kare?

Ranar Talata waya ta yi ƙara ina wanke shinkafa.
Wata mata, Bronwyn, daga asibitin garin nan mai wuyar suna.
Kafin ta tambayi takarduna,
kafin ta tambayi shekarun da na yi ina aikin dare,
sai ta ce, koya mini sunanki.
Na ce, Luningning.
Ta gwada, ta ɓata. Ta sake, ta ɓata.
A na huɗu ta kama shi,
ta riƙe shi kamar ƙwai a tafin hannu.
Ni kuma na ce Warrnambool, ta ce saura kaɗan.

Shi ke nan fa.
Wata goma a ƙasar nan ana kira na Lu,
ina amsawa kamar mai sanye da takalmin aro.

Ban ce mun zaɓi daidai ba.
Tumun dare ne, sai gari ya waye.
Efren bai sami aiki ba tukuna,
rigunan sanyinmu na gwanjo ne, ɗaya babu zif.
Mun naɗe taswirar, da zoben kofi a kan Whyalla,
mun cusa tukunyar shinkafa a tsakanin ƙafafun Tala.
Stavros ya ba mu reshen ɓaure a tsohon bokiti,
ya ce ba ya son iska,
ku dasa shi a jikin bango.