Ɗauka ta Bakwai

Shekara ashirin da tara
jitata na kwance ƙarƙashin gado,
tare da takardun fili da tsohuwar fitila.
Da na buɗe akwatin, kyankyaso ya fara gaishe ni,
sai tsatsa.
Tsirkiya biyu sun tsinke don kansu,
ba wanda ya ji ƙararsu a gidan.

Nomau ne ya kira, ko sallama babu.
Ya ce akwai yaro a Ali Ɗan Sofo,
ya manna kwalin ƙwai a bangon ɗaki,
yana ɗaukar murya da na'ura.
Na ce, Nomau, jika takwas ɗina na wasan Tasawa fa?
Ya yi shiru har na zaci kuɗin wayarsa sun ƙare,
sannan ya ce, Asabar, bayan la'asar.

Da mu bakwai ne, Fitilar Bagalam.
Yanzu a ƙirga:
Kalla yana maƙabarta,
Jadi ya tafi Agadas bai ko waiwayo ba,
Isiyaka ya bar gemu, ya ce kiɗa ya fita ransa,
amma shi ya kawo mu a motarsa,
ya zauna a waje da carbi,
ƙafarsa ta dama tana abin da bai sa ta ba.

Zalika ta zo da jikarta da kwanon tuwo.
Muryar nan da ta taɓa tsayar da masu keke
a bakin gidan rawa, daren Asabar,
ta sauko ƙasa kamar ruwan Gulbi a watan bazara.
Ta nemi saman waƙar, saman ya ƙi.
Ta yi dariya, ta ce, ku sauko ku same ni,
ni ba na hawa tsani yanzu.
Muka sassauta tsirkiya, muka sauka.
Ashe akwai ɗaki a can ƙasa
da ba mu taɓa shiga ba.

Sha'aibu kunnen hagu ya mutu.
Ya tuɓe takalmi, ya dafa siminti da tafin ƙafa,
ta nan yake jin mu,
ta nan gangarsa ke gane hanya.

Ɗauka ta farko, yatsuna suka yi gardama.
Ta biyu, tari.
Ta uku, kuran ya tafi,
muka zauna cikin duhu muna cin tuwon Zalika,
muna musu kan shekarar da motar Madarunfa ta mutu mana
da kayan kiɗa a ka, muka taka har gari.
Ta huɗu da ta biyar ba su cancanci suna ba.
Ta shida, aka kira magariba.

Yaron ya ce, Baba, kada ku wahala,
ku ba ni guntu-guntu, na'ura za ta ɗinke,
ko kuskure ne ina goge shi da yatsa ɗaya.
Nomau ya dube shi, ya dubi hannuwansa.
Ya ce, ɗana, wannan rawar hannun
shekara talatin na yi ina tara ta.

Ta bakwai.
Inda kakakin Kalla yake shigowa da
muka iso wurin, ba wanda ya shirya komai,
sai muka bar masa filinsa,
bugu takwas, babu kowa a ciki
sai ƙarar fanka, da wani ɗan kabu-kabu
da ya wuce yana oda.
Yaron ya kai hannu zai yanke.
Zalika ta riƙe masa wuyan hannu, ba ta daina waƙa ba.

Da muka fito, Isiyaka ya kau da kai,
ya ce hayaƙin masu tsire ne ya shiga idonsa.
Jikar Zalika tana maimaita amshin, ba daidai ba.
Nomau ya cusa mini takarda a aljihu,
na duba a hasken shagon mai shayi:
jika biyar.
Ya ce sauran sai faifai na gaba.