Mararraba Ta Goma Sha Bakwai

A Aboabo, bayan masallacin lungunmu,
ɗakin kakana ba ya ƙamshin turare,
warin dalma yake, da gam, da tsatsa.
Baba Gariba: shekara talatin da ɗaya
yana juya layi a tashar Kumasi,
har jiragen suka yi ta raguwa, suka ɗauke ƙafa.
Yanzu mata na kasa tumatir a kan dogon,
akuya na tuƙa inda ya saba tsayawa da tuta.

Shi kuwa ya kwaso aikinsa ya ƙanƙanta shi,
ya ɗora kan tsohuwar ƙofa
da ya kwantar bisa gwangwanayen fenti huɗu.

Kayan aikin na cikin gwangwanin alewa.
Magagari uku: babba mai ci kamar ɗan dako,
matsakaici, sai ƙarami, siririn allura,
wanda ba ya ba kowa aro, ko liman.
Filaya mai bakin zalɓe, daga Suwame ya sayo ta,
sidi biyar bayan doguwar jayayya.
Zarton maƙeran zinariya, haƙoransa sai da tabarau.
Matsefatar da ya ɗauke wa kakata,
har ta rasu tana cigiya.
Ƙarfen narka dalma, igiyarsa duk ɗauri.
Da ma'auni,
guntun tagulla mai tsaga biyu, shi ya fere da kansa
daga lambar hularsa ta aiki.
"Ga alƙali nan, Azumi.
Ido na karɓar toshiya, shi ba ya karɓa."

In an ɗauke wuta ni ce mai riƙe tocila,
ƙarfen kuma ya tafi garwashin Akosuwa mai gasa agada,
ya dawo da zafinsa da ƙamshin abincin wasu.

Tsinkayen ashana, ya fille musu kai, ya jera,
bayan kowane biyar, yankin allon tsohuwar rediyo
inda dalma za ta kama.
Sannan harshe.
Harshen mararraba kwana biyu yake ci:
goga, hura, duba, goga,
har ƙarfe ya yi sirantar farce,
ya kwanta jikin ɗan'uwansa babu tsakani.
Ya yi kauri da gashi ɗaya, tarago ya ci ƙasa.

Na taɓa tambaya: Baba, ina sauran layin?
Mararraba goma sha shida jere a kan ƙofa,
babu wadda ta kai ga wata,
ba tasha, ba gada, ba Takoradi.
Ya leƙo ni ta saman tabarau.
"Miƙaƙƙen layi ai ko yaro ya shimfiɗa.
Jirgi ba shi da sitiyari.
Direba ya yi ta busa, ya yi ta hayaƙi,
inda hannuna ya ce, can za shi."

Daminar bana hannun nan ya soma rawa.
Harshe uku ya ɓata a mako guda,
ya jefa su ta taga cikin kwata.
Ran Laraba, ruwa na dukan kwano,
ya turo mini ƙaramin magagarin da bayan hannu
yana kallon bango.

Na goga. Ya ce na cika gaggawa.
Na goga. Ya ce ƙarfe ba rogo ba ne.
Na ƙona gefen mayafina, na yanke yatsa,
kwana biyar na ci inda shi yake cin biyu.
Ya sa alƙali tsakani. Ya zauna daram.
Ya ɗauko taragon gawayi, marar inji,
ya tura da ɗan yatsa.
Ƙyas. Ya bi dama.
Ya maido shi, na ja harshen da farce.
Ƙyas. Ya bi hagu,
ya gangara bakin ƙofa, na tare shi da tafin hannu.

Bai yaba ba.
Ya ce in share garin ƙarfen kar ya faɗa cikin koko,
ya rufe gwangwanin, ya ajiye shi
ta gefen da nake zama.