Muryar Da Na Ara Wa Lurva

Ruwa yana ta zuba a Bergen
kamar yadda ya saba tun ina goye.
Na jingine lema a bakin ƙofa,
na shiga ɗakin nan da ba shi da taga,
ni Aslaug, mai shekara sittin da uku,
gwiwa na ciwo, maganin hawan jini a jaka.
Jar fitila ta kama.
Shi ke nan, na koma 'yar sha huɗu.

Ga Lurva a allo tana tsalle,
'yar dodannin dutse,
gashi shuɗi a miƙe kamar harshen wutar gas,
wutsiya a cushe cikin wandon makaranta.
In ta yi atishawa, duwatsu su zama burodi.
In kunya ta kama ta, ƙanƙara ta zubo a aji.
Bakinta na motsi, ba sauti,
sai na zuba masa nawa.

Haldor yana bayan gilashi da kofin gahawa.
"A sake. Dariyar ta yi nauyi."
Na sake.
"Ƙara sauri, yarinya ce."
Na sani, Haldor. Shekara bakwai ina zama a maƙogwaronta.

Kakana Torleif da ya ga wannan, da ya yi tsaki.
Nasa dodannin ba su san boko ba.
Kai uku, hanci kamar sandar tuƙin kwalekwale,
gansakuka a gadon baya,
suna shinshino mutum tun daga ƙetaren ruwa.
Ya taɓa nuna min wani dutse a Hardanger, ya ce,
"Wancan ya makara ne, rana ta riske shi."
Na kwana uku ban yarda an kashe fitila ba.
Yau ga jikokinsu an yi musu kitso,
suna rigima a kan wa zai zauna kusa da wa.
Kura ta zama abin wasan yara.

Ranar Asabar da safe
jikana Sindre yana zaune a kan darduma,
burodi da cuku a hannu, ya manta da su.
Na ce, "Ka san wannan muryar kuwa?"
Bai ko juyo ba.
"Kaka, yi shiru mana, Lurva na magana."
Na yi shiru.
Na saurari kaina ina ceton gari.

Takardar ta zo ran Talata, da ladabi sosai.
Sun samo wata 'yar sha tara daga Oslo,
muryarta kamar ruwan kwalba.
Ban ga laifinsu ba.
Zane ba ya tsufa, mai ara masa numfashi ke tsufa.

Layi ɗaya ya rage min.
Lurva a ƙolin dutse, gabas ya fara ja,
ƙawayenta na ihu ta gudo kogo.
Ita kuwa ta ce,
"Ku tsaya ku gani, ni rana ba ta mai da ni dutse."
Na faɗa sau ɗaya. A sake.
Sau biyu. A sake.
A na uku muryar ta tsage a tsakiya,
tsohuwar ta leƙo ta cikin tsagar.
Haldor ya daɗe bai ce komai ba.
Can ya ce, "Wannan za mu ɗauka."

Da na fito, ruwan ya ɗauke.
Rana ce tsaye a kan tashar jiragen ruwa,
baƙuwar da ba ta cika zuwa garin nan ba.
Ta sauka a fuskata, ta sauka a gwiwar.
Na tsaya cik.
Na motsa yatsun ƙafa cikin takalmi, ɗaya bayan ɗaya,
don dai in tabbatar,
sannan na nufi wurin jiran bas.