Igiyar Fustuƙ

Ƙarfe biyar da rabi, Jidda ba ta gama murza ido ba,
iskar teku na lasar fitilun bakin ruwa,
ni kuwa ga ni a ƙarshen igiya,
ɗaya ƙarshen na jikin Fustuƙ.

Kilo uku ne, an auna a gabana,
ko kazar da ake yanka wa baƙo ta fi shi tsoka.
Amma ya hango kyanwa a gindin dabino,
sai ya miƙe da ƙafa biyu, yana tari, yana shaƙewa,
kai ka ce shi ya haƙa Bahar Maliya da farce.

Direba aka ɗauke ni. Takarda ma direba ta ce.
Ranar da aikin dare ya riƙe Duktura Nuha
ta ce, "Isiyaku, minti ashirin kacal."
Yau wata bakwai ke nan.
Da wani ɗan Gumel zai gan ni,
da an shekara ana dariya a majalisa:
a garinmu kare ke bin mutum,
nan ni ke bin kare, da leda a aljihu.
Rigar salla daban na ware, rigar yawo daban.

Da fari, ya ja, na ja.
Ya yi haushi, na daka tsawa.
Tafina ya yi kanta, wuyansa ya yi ja,
masu gudun safe na kauce mana
kamar masu faɗa a bakin kasuwa.

Baba Sidi mai shayi ne ya gaji da kallo.
Haifaffen Sudan ne, Bahaushen Mayurno,
Hausarsa na da ƙanshin Larabci.
Ya ce, "Shekara talatin ina kora jaki a Sinnar.
Abin da ke ja, in ka ja, ka ba shi abokin kokawa.
Tsaya. Zama turke.
Wannan haushin kuma ba jarumta ba ce.
Durƙusa ka dubi duniya daga inda yake."

Na durƙusa.
Tayar keke ta fi ni tsayi.
Takalma, gwiwoyi, keken jarirai,
kowane abu gini ne da ya tsiro ƙafa
yana nufo ni bai yi sallama ba.
Na tuna makona na farko a garin nan,
yadda ko gaisuwa na amsa da ɗaure fuska.

Washegari ya ja, na tsaya.
Ya tafasa, ya tono ƙasa, ya waiwayo.
Igiya ta yi sako-sako, na taka.
Ya ja, na tsaya.
Taku goma sai da ya ci mana rubu'in awa,
shayin Baba Sidi ya huce yana jira na.

Na sauya masa abin wuya da ɗamarar ƙirji.
Na koyi tsinkayar kare tun daga nesa,
in tsallaka titi kafin kunnensa ya miƙe,
in gutsura masa dafaffiyar kaza
tun haushin na cikin maƙogwaro bai fito ba.
Ba kullum ake dacewa ba.
Ranar Talata wani yaro ya wuce fuu a kan keke,
aikin wata biyu ya zube kamar kunu.

Amma yau da safe
wani ƙaton kare ya gifta, baƙi, kamar ɗan maraƙi.
Fustuƙ ya ƙame. Jelarsa ta karkarwa.
Sai ya ɗago kai, ni ya duba.
Igiya na lilo a tsakaninmu
kamar ta shanya bayan an kwashe kaya.
Na laluba aljihu: na manta kazar a mota.
Na ce, "Madalla, ɗan ƙwal."
Ya karɓa.

Yanzu ƙorafin Duktura guda ne:
ta ce masa "zauna" da Larabci,
ya yi ta kallon ta kamar baƙon labari.
Ba ta san karenta ya zama Bagumale ba.