Bakin Korau

A gindin gadar Kawo, inda inuwa ba ta karɓar haya,
nan Korau ya kafa faci,
da bahon ruwa baƙi ƙirin,
da rediyon da aka ɗaure wa ƙugu da roba.
Ni dai iska na zo sha wa babur,
sai na tarar bakinsa ya riga injin tashi.

Ya ce:
Taya ce ta koya mini siyasa.
Hura ta, ta kumbura, ta hau kwalta tana taƙama,
ƙusa ɗaya tak, sai ka ji tana tsaki.
Duk wani mai tumbin da ka gani, iska ce a ciki,
tsoma shi a bahon nan
ka ga inda yake kumfa.

Labaran safe sun ce tattalin arziki ya miƙe.
To ya miƙe ya nufi ina?
Bai dai biyo ta Kawo ba,
da na gan shi, ko ruwa ya tsaya sha.

Wai sunan garin nan daga kadduna aka samo shi.
Shekara hamsin ina ƙetare kogin,
ko jela ban taɓa gani ba.
Sun fito tuni, malam,
sun ɗinka babbar riga,
suna ofis, suna hamma, suna jiran fayil.

Lantarki kuwa baƙuwa ce mai kunya,
sai mun yi barci take leƙowa,
ta taɓa fanka, ta koma.
Takardar kuɗinta ce marar ta-ido,
ita ko ladan ba ya riga ta sallama.

Jiya ɗana Ɗanliti ya ƙi cin tuwo,
wai an lallasa ƙungiyarsa a Ingila.
Na ce, kai da zuwa Zariya ma sai an yi maka karo-karo!
Wanda ya ɓarar da fanaretin
ya yi wanka, ya ci kaza, ya yi minshari,
kai ka kwana da yunwa a Hayin Banki
kana yi masa zaman makoki.
Mu a zamaninmu katanga muke haurawa mu ga ƙwallo,
ƙafa da ƙafa, gumi da gumi,
alƙalin wasa in ya yi son kai
ya san ba ta ƙofa zai fita ba.
Na janyo kwanon na cinye.
Ni ƙungiyata miyar kuka ce, ba a taɓa cin mu a gida ba.

Ya tofa yawu a kan tiyub, ya murza.

Biki yanzu kwana shida ne, kowace rana da sunanta,
ango ya sayar da Keke Napep
don a ɗauke shi hoto yana dariya.
Waya kuma ta mai da kowa shehi,
kowa likita, kowa ɗan jarida,
wanda bai iya ɗaure akuya ba
yana warware rikicin duniya da babban yatsa.

Nan ya ɗan yi shiru.
Shekara sha tara na yi a masaƙa, can Kakuri,
in jiniya ta busa, titi ba ya ɗaukar kekunanmu.
Kuɗin sallamata har yau suna hanya.
Ina jin mota ɗaya suka shiga da tattalin arziki.

Sai ga wata baƙar jif ta gangaro tana ɗingishi.
Korau ya yi wuf, hula a hannu:
Ranka ya daɗe! Allah ya ja zamani!
Ai yanzu nake ba yaron nan labarin alherinku!

Ya durƙusa gaban tayar,
ya kashe mini ido ɗaya,
ya ce ƙasa-ƙasa:
Surutu kyauta ne, ɗan'uwa.
Iska ce ta kuɗi,
kuma yau ta ƙara tsada.