Hannu Ɗaya Ake Ɗaurewa

A gindin gadar Kwangila, bayan mai faci,
akwai shago, labulensa tsohon buhun taki.
Na Sallau ne. Naira ɗari, turmi uku,
in janareta ya ga dama.

Fuska talatin da shida a jikin allo,
a jere kamar hotunan 'yan takara a bangon tasha,
kowa ya haɗe rai, kowa ya dunƙule hannu,
kowa na cewa ni ne.
Agogon zaɓe na ƙirgawa da baya,
yatsana na yawo a kan madanni
kamar kaza a shanyar gero.

Wata huɗu ina ruwan ido.
Litinin na ɗauki ƙaton nan mai wuyan bajimi,
kafin ya ɗaga hannu an zuba masa biyar.
Talata na koma wa yarinya mai ƙafar walƙiya,
ta fi tunanina sauri,
ina nan ina shawara, ita ta riga ta faɗi.
Na gwada mai jifa da wuta daga nesa,
Jatau ya ja tsaki:
"Wannan ai faɗan ta bayan katanga ne."

Shi Jatau shekara biyu da mutum ɗaya.
Ya san numfashinsa, ya san inda yake tuntuɓe,
zai jera maka duka tara
yana ɓare gyaɗa da haƙori.

Sallau na ƙirga canji, bai ko ɗago ba:
"Tanimu, kuɗinka halal ne a aljihuna,
amma mai bin kowace inuwa
shi rana ke dafawa."

A daren na koma Muciya ban ci abinci ba.
Iya na neman ashana a cikin kwalla,
sai ga wani ƙullin zare ya faɗo,
baƙi ƙirin, ya sandare da tsohon gumi.
Na kakana Barau ne, mahaucin Sabon Gari,
wanda kalangu ya san sunansa kafin a haife ni.
Na ce, ina ɗayan?
Ta dube ni kamar na tambayi ƙahon jaki:
"Wane ɗayan? Hannu ɗaya ake ɗaurewa."

Da gari ya waye na je kusurwar allo,
can ƙasa, inda yatsa ba ya kai ziyara.
Wani tsoho, kafaɗa a karkace, gira fara,
ba ya tsalle, ba ya aman wuta.
Jerin da yara ke nuna wa juna a waya
ya ajiye shi ajin 'yan rakiya.
Abin da ya iya: ya tare, ya tare, ya jira,
sannan hagu guda.

Ni ma da hagu na fara kai loma,
sai da ludayin gwaggo ya mai da ni dama.

Na danna.

Jatau ya kashe ni sau goma sha huɗu a makon.
Amma kayen ya canza ɗanɗano:
da, in na faɗi sai in zagi hoton,
yanzu na san a wace daƙiƙa na yi garaje,
ina kwance ina maimaita ta,
babban yatsana na motsi a kan katifa.

Ran Asabar, turmi na uku,
jininmu duka ya rage kamar zaren lilo.
Ya zabura. Na tare. Na tare.
Na ji gurbin ya buɗe tun kafin in gan shi,
na saki hagun,

janareta ya yi tari biyu, ya mutu.

Duhu, warin fetur, ihun yara.
Wani na rantsuwa ya shiga, wani na cewa iska ya daka.
Sallau na laluben jarka yana cewa ba a mai da kuɗi.

A bakin titi tireloli na gurnani a kan gada.
Jatau ya tare mai acaɓa, ya ɗora ƙafa,
sannan ya waiwayo.
Bai ce Tanimu ba.
Ya ce, "Bahago, gobe ƙarfe nawa?"